Ra'i da Aiki a Nazarin Tafiyar da Al'amuran Duniya: Hange daga Lambara

Gabatarwa

Makasudin wannan lacca shi ne bayani a kan wani fanni na ilmi da jami'o'i suke koyarwa bayan digiri na farko, watau nazarin yadda ake tafiyar da al'amuran duniya. Ɗalibai da yawa in sun ji sunansa sai su ɗauka karatu ne na masu neman aikin jakadanci kaɗai, wasu ma'aikatan gwamnati kuwa suna kallonsa a matsayin takardar neman ƙarin girma a ofis. Abin ya wuce nan. Domin a gane haka, za a tsaya a Lambara, cikin yankin Boɗinga da Shagari a Jihar Sakkwato, a hangi duniya daga can. Wannan ƙasa ce ta manoma da makiyaya da fatake, irin mutanen da hukuncin manyan majalisu yake sauka a kansu ba tare da an nemi shawararsu ba. Bugu da ƙari, ba nisa daga nan akwai Sifawa da Boɗinga, inda shugabannin jihadi suka zauna suka yi rubutu a kan mulki, akwai kuma garin Shagari, mahaifar mutumin da ya wakilci Nijeriya a Bankin Duniya kafin ya zama shugaban ƙasa.

Sarauta ba sarki

Duniya ba ta da sarki. Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda take da ƙasashe 193, ba gwamnati ba ce: ba ta karɓar haraji daga talakawa, ba ta da dogarai nata na kanta, in tana bukatar soja sai ta roƙa daga ƙasashe. Amma duk da haka akwai tsari. A ɗauki maniyyaci daga Lambara. Kujerar da ya biya tana cikin rabon da ƙasashen Musulmi suka amince da shi a ƙarshen shekarun 1980, watau alhaji 1,000 ga kowace miliyan ɗaya ta Musulmin ƙasa. Fasfon da ke aljihunsa an yi shi bisa ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar Chicago ta 1944, jirgin da zai ɗauke shi daga Sakkwato kuma ba zai ratsa samaniyar wata ƙasa ba sai da izinin da waɗannan ƙa'idoji suka tanada. Katin allurar da za a tambaye shi kafin ya tashi yana bin tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya da sharuɗɗan Saudiyya. Kuɗin guzurinsa kuwa farashin dala ne yake yanke masa yawansa. Babu sarki ɗaya da ya kafa waɗannan dokoki, amma ko ɗaya daga cikinsu ya karya, a gida zai yi Sallar Layya.

To, wannan sarauta da ba ta da sarki ita ce abin nazarin fannin. Tambayoyinsa kuwa tsofaffi ne: wane ne yake yin doka, da yawun wa, wa take amfana, kuma in an karya ta wa zai hukunta?

Fannin reshe ne na nazarin hulɗar ƙasashe, wanda aka fara ba shi kujerar farfesa a Aberystwyth ta ƙasar Birtaniya a 1919, lokacin da Turawa suke neman sanin abin da ya jefa su cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sunan da ake kiransa da shi yanzu ya yaɗu ne bayan ƙarewar yaƙin cacar baka, musamman ta littafin da James Rosenau da Ernst-Otto Czempiel suka tace a 1992, da rahoton 1995 na kwamitin da Ingvar Carlsson na Suwidin da Shridath Ramphal na Guyana suka shugabanta. Abin da ya bambanta shi da tsohon nazari shi ne bai tsaya ga gwamnatoci ba. Yana shigar da bankuna da manyan kamfanoni da ƙungiyoyin agaji da malaman addini, har da sarakuna, kamar yadda za a gani nan gaba.

Mazhabobin malamai

Ɗalibin digiri na biyu yakan fara ne da ra'i, watau tsararren bayani na dalilin da ya sa abubuwa suke aukuwa yadda suke aukuwa. A nan malamai sun rabu mazhaba-mazhaba. Ta farko ita ce ta masu cewa ƙarfi shi ne kome. Manyanta su ne Hans Morgenthau, wanda littafinsa ya fito a 1948, da Kenneth Waltz a 1979. A ganinsu hukumomin duniya inuwar manyan ƙasashe ne kawai, inda jiki ya karkata nan inuwa za ta bi. Hujjarsu ba ta da wuyar samu. Kwamitin Sulhu yana da kujeru 15, amma biyar ne na dindindin masu ikon hawa kujerar na ƙi, kuma babu ko ɗaya daga ƙasashen Afirka 54 a cikinsu, ko da yake Nijeriya ta zauna kujerar wucin gadi har sau biyar. A Asusun Ba da Lamuni na Duniya manyan shawarwari suna bukatar kashi 85 cikin 100 na ƙuri'u, Amurka ita kaɗai tana riƙe da fiye da kashi 16. Lissafin ba ya bukatar malamin lissafi.

Mazhaba ta biyu, wadda Robert Keohane ya yi fice a cikinta da littafinsa na 1984, tana cewa ƙasashe suna kiyaye doka ne domin tana rage musu asara da zargin juna, kuma hukuma in ta kafu takan yi rai nata na kanta, har wanda ya kafa ta ya ji nauyin saɓa mata. Ta uku kuwa ita ce wadda ta fi karɓuwa a jami'o'in Afirka cikin shekarun 1970 da 1980. Samir Amin a Dakar, da Walter Rodney da littafinsa na 1972, da Yusufu Bala Usman a Zariya, duk da bambancin da ke tsakaninsu, sun haɗu a kan cewa an gina tsarin ne yadda mai noman gyaɗa da auduga zai dawwama yana sayarwa da araha yana saye da tsada. Suna tunatar da cewa sa'ad da aka kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a 1945 ƙasashen Afirka huɗu ne kawai a ciki, Masar da Habasha da Laberiya da Afirka ta Kudu. Sauran sun zo ne sun tarar an riga an raba tuwo. Akwai kuma masu cewa ra'ayi da kunya su ma ƙarfi ne, su kafa hujja da yadda aka mai da wariyar launin fata abin ƙyama a duniya, aikin da Alhaji Yusuf Maitama Sule ya sa hannu a ciki lokacin da ya shugabanci kwamitin Majalisar na yaƙi da wariya a zamanin mulkin Shagari.

Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne su zaɓi mazhaba ɗaya su yi mata mubaya'a, su riƙa jawo kowane labari da ƙarfi har sai ya shiga cikinta. Ra'i ma'auni ne, ana gwada shi da abin da ya auku. Ƙasar Sakkwato kuwa tana da abin gwaji isasshe.

Sifawa da Boɗinga

Daga wajen 1810 zuwa 1815 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana zaune a Sifawa yana karantarwa yana wallafa, ƙanensa Abdullahi yana Boɗinga kusa da shi. A cikin wannan lokaci ne, a 1812, aka raba kula da daula biyu, yamma ga Abdullahi, gabas ga Muhammadu Bello. Matsalar da ke gabansu irin ta wannan fanni ce sak: yaya za a riƙe masarautu masu nisan tafiyar watanni, kowace da sarkinta da rundunarta, a ƙarƙashin doka ɗaya? Abin da suka yi amfani da shi shi ne tuta da wasiƙa da littafi, da waziri mai zagaya masarautu yana sasanta rigingimu. Littafin Abdullahi, Liya'ul Hukkami, wanda ya rubuta wa mutanen Kano, jagora ne ga masu mulki. Fikihun da suka gada kuwa yana da babuka a kan amana da sulhu da haƙƙin manzo da na baƙon ɗan kasuwa.

Abin da ya fi wannan dacewa da ɗalibin yau shi ne wasiƙun da aka yi musaya tsakanin Sakkwato da Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Barno, waɗanda Bello ya kawo a cikin Infaƙul Maisuri. Al-Kanemi ya tuhumi halaccin yaƙar Barno, ƙasar da ta daɗe cikin Musulunci, yana mai cewa saɓo ba ya fitar da mutum daga addini. Bello ya mai da martani da cewa sarakunan Barno sun taimaki waɗanda suke yaƙar jama'ar Shehu. In an cire tufafin zamani, muhawara ce a kan yaushe ya halatta wata ƙasa ta shiga al'amarin wata da makami domin gyara, watau tambayar da ta raba kan Kwamitin Sulhu a kan Libiya a 2011. Abin lura, Bello bai ɓoye hujjar abokin hamayyarsa ba, ya kawo ta sa'an nan ya amsa. Wannan ladabi ne na bincike da kundaye da yawa na yau suka rasa.

Bello ya karɓi Hugh Clapperton a 1824, suka tattauna batun ciniki da hana fataucin bayi ta teku, ya kuma aika wa Sarkin Ingila wasiƙa. Da Clapperton ya komo, Sakkwato tana yaƙi da Barno, sai Bello ya hana shi wucewa da kayan da ya ɗauko wa al-Kanemi. Baturen ya rasu a Sakkwato a 1827. Har zuwa nan hulɗar ta tsara da tsara ce.

Shekara 58 bayan haka al'amari ya juya. A 1885, shekarar da aka tashi daga taron Berlin, Joseph Thomson ya zo da takarda a madadin kamfanin George Goldie, aka ƙulla yarjejeniya da Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu Babba. A fahimtar Sakkwato an ba baƙi izinin ciniki ne, kuɗin da suke biya duk shekara kuwa gaisuwa ce irin wadda aka saba. A Turai kuwa kamfanin ya nuna takardar a matsayin shaidar iko. Da ita Ingila ta yi jayayya da Faransa, har a 1890 suka ja layi daga Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Cadi. A 1898 suka sāke, suka zana baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato. A 1904 da 1906 suka ƙara gyarawa domin Faransawa su sami hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram. Ta haka Birnin Ƙonni ta faɗa wancan gefe, Illela ta tsaya wannan. Babu Basakkwace ko ɗaya a teburin. Darasi na farko a aikin wannan fanni yana nan: takarda tana da ma'anar da mai sa hannu ya fahimta, tana kuma da ma'anar da mai ajiye ta zai ba ta a wata majalisa da shi mai sa hannun ba ya nan.

Malamin makaranta daga Shagari

Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a 1925 ya rasu a 2018, bai yi digiri a wannan fanni ba. Malamin makaranta ne, ya bi ta Yabo da Midil ta Sakkwato da Kwalejin Kaduna. Amma rayuwarsa ta aiki kusan manhajar fannin ce gaba ɗaya. Ya riƙe ma'aikatar kuɗi ta tarayya daga 1971 zuwa 1975, kuma a 1971 ɗin ne Amurka ta daina musayar dala da zinariya, tsarin kuɗin da aka gina a Bretton Woods a 1944 ya girgiza. Aka kafa kwamitin wakilai 20 domin sāke fasalinsa, Shagari yana cikinsu. A hannunsa kuma aka bar fam aka koma naira a 1973.

Da ya zama shugaban ƙasa, a watan Afrilu na 1980 shugabannin Afirka suka taru a Legas suka amince da wani shiri, wanda Farfesa Adebayo Adedeji da hukumarsa ta tattalin arzikin Afirka suka yi wa aikin share fage. Jigonsa dogaro da kai: Afirka ta ciyar da kanta, ta sarrafa albarkatunta, ta yi ciniki da junanta. Shekara guda bayan haka Bankin Duniya ya fito da nasa rahoton, wanda ake kira da sunan Elliot Berg, ya ce cutar tana cikin gida: gwamnatoci sun kumbura darajar kuɗinsu, hukumomin sayen amfanin gona suna danne manomi, hukuma ta shiga kasuwar da ba tata ba. A gaskiya kowane ɓangare yana da rabonsa na gaskiya, domin duk wanda ya san yadda hukumar gyaɗa take yanka wa manomi farashi ba zai ce Berg ya yi ƙarya ba. Amma abin tambaya ga ɗalibi shi ne, me ya sa takardar da shugabannin nahiya suka amince da ita ta kwanta a kanta, ta ma'aikatan banki kuwa ta zama doka? Amsar ita ce ɗaya tana tafe da kuɗi, ɗaya kuwa da fata.

Farashin mai ya faɗi. A Afrilun 1982 gwamnati ta kawo dokar tsuke bakin aljihu, a 1983 ta nufi Asusun Ba da Lamuni tana neman fiye da dala biliyan 2. Sharuɗɗan su ne a karya darajar naira, a janye tallafin mai, a buɗe ƙofar shigo da kaya. Ba a daidaita ba har soja suka karɓi mulki a ranar ƙarshe ta 1983. Gwamnatin Buhari ita ma ta ƙi. Ta Babangida ta buɗe muhawara a 1985, jama'a suka ce ba sa son bashin, aka ce an ji, sa'an nan a 1986 aka aiwatar da sharuɗɗan da sunan shiri na gida. Naira wadda take kusan kai ɗaya da dala ta koma wajen 4 a dala guda, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A nan an ƙi ladan amma an yi askin. Manomin Lambara bai san sunan Berg ba, amma ya ga rahotonsa a kuɗin taki da na maganin asibiti.

Akwai wani abu kuma da bai kamata a tsallake ba don kara. A 1979 ƙasashen ECOWAS sun amince ɗan kowace ƙasa ya shiga 'yar'uwarta ya zauna kwana 90 ba biza. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu, waɗanda aka ƙiyasta sun kai miliyan 2, wajen rabinsu mutanen Gana. Ta fuskar harafin doka gwamnati tana da abin faɗa, tun da yawancinsu sun wuce wa'adi. Ta fuskar manufar yarjejeniyar kuwa an yi mata rauni. Watau Nijeriya wadda take kukan ƙarfin manya a Washington, ita ce babba a Afirka ta Yamma, kuma ta yi abin da manya suke yi. Ɗalibin da ya rungumi mazhabar dogaro kaɗai zai rasa inda zai ajiye wannan labari.

Inda doka take sauka

Ba kullum ƙarfi yake gangarowa daga sama ba. A 1988 ƙasashen duniya suka ƙudura kawar da cutar shan inna. A 2003 aka dakatar da rigakafin a Kano da wasu jihohin Arewa saboda zargin an gurɓata maganin, zargin da ya sami gindin zama domin mutane ba su manta da gwajin maganin da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Kafin Kano ta komo a Yulin 2004, da maganin da aka sayo daga Indunusiya, cutar ta riga ta sami hanya, daga baya kuma ta bazu har zuwa ƙasashe wajen 20. Shiri na biliyoyin dala ya tsaya cik a ƙofar gida, inda maigida ya ce a'a. Abin da ya taimaka wajen warware shi shi ne shigar sarakuna, musamman kwamitin da aka kafa a 2009 a ƙarƙashin inuwar Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, wanda ya sa hakimi da dagaci da mai unguwa suka ɗauki abin a matsayin nasu. A watan Agusta na 2020 aka shelanta cewa Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali, ko da yake rigakafi bai ƙare ba saboda wani nau'in da yake ɓulla inda allura ta yi ƙaranci. Mai unguwa a Lambara, ashe, ma'aikaci ne a tsarin lafiyar duniya, ko da sunansa bai taɓa shiga wani rahoto a Geneva ba.

Abin da ake koya

Bayan ra'i, manhajar takan haɗa da dokar ƙasa da ƙasa, da siyasar tattalin arziki, da tarihin hukumomi, da dabarun bincike, sa'an nan kundi. Ana samun wannan a sassan kimiyyar siyasa, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello, mai digiri na biyu a harkokin duniya da diflomasiyya, da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. A waje akwai cibiyar Geneva da aka kafa a 1927 da ta Yawunde a Kamaru. Hanyar ba mafarki ba ce ga ɗan wannan yanki. Farfesa Tijjani Muhammad-Bande, ɗan Zagga, ya yi digirin farko a Zariya, na biyu a Boston, na uku a Toronto, ya koyar a Sakkwato har ya shugabanci jami'ar daga 2004 zuwa 2009, ya riƙe cibiyar Kuru, sa'an nan ya shugabanci Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya daga 2019 zuwa 2020.

Sai dai akwai abubuwa biyu da manhaja ba ta cika ba su haƙƙinsu ba. Na farko harshe. Abin mamaki ne a ga mai digiri a hulɗar ƙasashe daga Sakkwato wanda ba ya iya karanta takardar gwamnatin Nijar da Faransanci, ba ya kuma iya karanta wasiƙar Bello da Larabci, alhali Ƙonni tana nan kusa, takardun kuma suna ajiye a Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu. Na biyu karatun nassi kalma bayan kalma. A taron sauyin yanayi na Paris a 2015 an jinkirta zaman ƙarshe saboda kalma guda: daftarin ya ce wajibi ne ƙasashe masu arziki su jagoranci rage hayaƙi, wakilan Amurka suka ce abin da aka amince shi ne ya kamata, aka mayar da shi haka, aka ce kuskuren bugu ne. Almajirin da ya karanta Risala ya san tazarar da ke tsakanin wajibi da mustahabbi, saboda haka wannan horo ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Ma'aikacin da aka miƙo wa yarjejeniyar rancen Bankin Duniya domin aikin fadama ko na makarantu, irin wannan karatu ake bukata gare shi: nawa ne kason da jiha za ta zuba kafin a saki kuɗi, a wane kuɗi za a biya, wa zai ɗauki asara in naira ta faɗi. Sanin irin wannan yana da riba. A 2005 Nijeriya ta sami yafewar dala biliyan 18 daga masu binta bashi na Kulob ɗin Paris, bayan ta yarda ta biya wajen biliyan 12, kuma mutanen da suka san lissafin masu bashin daga ciki ne suka yi cinikin.

Game da kundi kuwa, cutar da ta fi yawa ita ce babban take da ƙaramin bincike. Ɗalibi ya ce zai rubuta a kan gyaran Kwamitin Sulhu, alhali bai da hanyar ganin takarda ko ɗaya da ba a riga an buga ba, sai ya ƙare da jera maganganun wasu. Ga shi kuwa a ƙofar gidansa akwai abin da malamin Geneva zai biya kuɗin jirgi ya zo ya gani.

Illela, 2023

Ranar 26 ga Yuli 2023 soja suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Nijar. Bayan kwana huɗu ECOWAS, bisa dogaro da yarjejeniyarta ta 2001 a kan dimokuraɗiyya, ta rufe iyakoki, ta tsai da hulɗar kuɗi, ta yi barazanar amfani da ƙarfi. Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar ta layin Birnin Kebbi. Motoci suka yi layi a Illela, albasa da sauran kayan gwari suka lalace a kansu, kasuwannin dabbobi da na hatsi na ƙasar Sakkwato suka ji a jikinsu. Layin da aka ja a 1906 ba tare da mutanen wurin ba, an rufe shi a 2023 ba tare da su ba.

Amma a dubi waɗanda aka aika. Tawagar farko ta ƙunshi Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi, ba su sami ganin Janar Tchiani ba a tafiyar farko. Khalifa Muhammadu Sanusi ya gan shi, ayarin malamai a ƙarƙashin Sheikh Bala Lau ya gan shi, sa'an nan tawagar ta koma ta gana da shi da Bazoum. Sanatocin Arewa suka fito fili suka ƙi yaƙi. A Fabrairun 2024 aka janye takunkumin ba tare da Bazoum ya koma mulki ba, Nijeriya ta buɗe iyaka a Maris, a ranar 29 ga Janairu 2025 kuma ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ta tabbata.

Kowace mazhaba za ta sami abin ɗauka a nan, kuma kowace za ta bar saura. Mai ra'in ƙarfi sai ya bayyana dalilin da ya sa ƙasar da ta fi ƙarfi ba ta sami biyan bukata ba. Mai ra'in hukumomi sai ya bayyana yadda dokar da aka yi domin ɗaure ƙungiya ta zama sanadin tsinkewarta. Ɗalibin da zai ɗauki wannan a matsayin kundi yana bukatar nassin yarjejeniyar 2001 da sanarwoyin ƙungiyar, da jaridun Yamai da Faransanci, da littattafan kwastan na Illela in an ba shi izini, da farashin buhun albasa da na gero wata bayan wata daga bakin dillalai a kasuwannin Illela da Boɗinga da Shagari. Zai kuma bukaci takardun Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971 take da mazauni a Yamai, domin ficewa daga ECOWAS ba ta shafe ta ba. A ranar ficewar ma ƙungiyar ta umarci sauran ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida na mutanen ƙasashen uku, su bar su da kayansu su wuce kamar da, har sai an yanke wata shawara.